Motar Za Ta Kai Shekara Ashirin, Kai Fa?

Duk wanda ya taɓa raka attajiri sayen babbar jif ya san tambayar da ba a tashi daga ciniki sai an yi ta: "Shekara nawa za ta yi mini kafin ta fara laulayi?" Dillali kuwa amsa na bakinsa. "Haba Alhaji, ranka ya daɗe, injin gas ne fa. In dai ana yi mata juye a kan kari, shekara ashirin wasa ne, har jikoki sai sun hau." Sai a yi dariya, a sallama, a yi addu'ar Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Su biyun duk sun yi maganar shekara ashirin, sai ka ce motar ce kaɗai ake shakkar ko za ta kai.

Yawancin manyan motocin da ke yawo a Kano masu shan fetur ne, domin shekara da shekaru gwamnati ta yi tana biyan tallafin fetur kafin a cire shi a 2023, dizal kuwa tuni aka sakar wa kasuwa farashinsa. Amma a Sharaɗa da Challawa da Bompai akwai dalilin da kan ja mai masana'anta zuwa ga jif mai dizal. Mutumin da wutar lantarki ba ta isar sa aiki, dole akwai janareta a kamfaninsa, akwai kuma tankin gas a haraba. Sai ya ga ai man na gida ne, ga injin da ƙarfin ja, ga shi ba ya shan mai kamar na fetur a doguwar tafiya. Land Cruiser 200 mai injin V8 na lita 4.5, wadda aka yi ta ƙerawa daga 2007 zuwa 2021, ta yi suna a kan haka. Wadda ta gaje ta, Land Cruiser 300, ta zo da V6 na lita 3.3 mai turbo biyu. Akwai Range Rover da Lexus da Marsandi da BMW, kowacce da samfurinta na dizal.

Sai dai injin dizal na yau ba irin na tsohuwar gingimari ba ne, wadda ko wane irin mai aka ɗura mata za ta yi tari ta tashi. Na yanzu ɗan gata ne, ba kowane abinci cikinsa ke karɓa ba. Fanfonsa na tura mai da matsin da ya ninka iskar tayar mota sau ɗari takwas ko fiye, ta ƙofofin nozul da ido da ƙyar yake ganinsu. Ɗan ruwa ko ɗan datti ya isa ya lalata su. Man da ya daɗe a tankin janareta kuwa ba ya rasa ruwa a ƙasansa, balle wanda aka saya a hannun marasa tsoron Allah da ke surka shi da kananzir. In fanfo ya ci kansa, ɓarɓashin ƙarfe zai bi bututu ya shiga nozul duka, a wayi gari ana maganar canza komai tun daga tanki.

Ga kuma zancen sulfa. Tun 2009 dokar Turai ba ta yarda sulfa a dizal ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba, da wannan ma'auni aka ƙera motocin da ake sayarwa can. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya nuna ana sayar wa wasu ƙasashen Afirka dizal da sulfansa ya ninka na Turai fiye da sau 300. Dokar Najeriya ta lokacin ta yarda da har 3,000. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Motar da aka yi wa Jamus, aka kawo ta Kano, tana ɗauke da matatar hayaƙi a salansa wadda sai ta yi zafi ƙwarai a doguwar tafiya take ƙone toka ta wanke kanta. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce daga Sharaɗa zuwa Zoo Road cikin cunkoson adaidaita sahu, yaushe za ta samu wannan zafin? Sai ta toshe, fitila ta kama a gaban direba, mota ta ƙi gudu. Wasu ma da ruwan AdBlue suke aiki, in ya ƙare aka kashe injin, ba za ta sake tashi ba sai an zuba. Ƙurar hunturu na cinye matatar iska, zafin watan Afrilu na gasa robobi, ramukan da tireloli suka haƙa a hanyar Challawa na fasa balan-balan ɗin iskar da irin su Range Rover ke zaune a kai.

Ka je gareji ka ga yadda ake yi. Bakanike ba ya fara ɗaukar sifana yanzu, kwamfuta yake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, ya ƙura wa allo ido, ya girgiza kai. "Alhaji, nozul biyu sun tafi, amma shawarata a canza su gaba ɗaya. Na tambaya a Ƙofar Ruwa, na hannu ne kawai, ba ni da tabbas a kansu. Sabbi sai an yi odar su daga Dubai." Alhaji ya tambayi kuɗi, a gaya masa da dala. Nan ne ciwon yake. Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Litar dizal da ke wajen naira 300 a farkon 2022 ta wuce 800 kafin shekarar ta ƙare, ta haura 1,000 a ƙarshen 2023. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni. Aljihun da ke ciyar da janareta shi ne dai ke ciyar da jif.

Ɗan kasuwar Kano ba a koya masa lissafi. Duk abin da na zayyana ya san shi, ya ma fi ni sani. Yana iya gaya maka abin da motar za ta ci a shekara biyar, da nawa za ta faɗi in ya tashi sayarwa, da dalilin da ya sa Toyota ta fi riƙe daraja a kasuwar hannu. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutum mai wannan kaifin basira zai tsara shekara goma ko ashirin na ƙarfe dalla-dalla, alhali shi da zai hau ba shi da takardar garanti ko ta kwana ɗaya. Motar tana da fitilar gargaɗi, tana da littafin da ke faɗin ranar juye. Mai ita fa? Sau nawa muka ji an ce "jiya ma muna tare da shi a masallaci"? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shekara 63 ya yi a duniya. Galibi mutum ba ya kaiwa ga sayen irin wannan mota sai ya ba hamsin baya. Ɗora ashirin ɗin dillali a kai ka gani. Wanda ya ga watan Afrilun 2020 a Kano, lokacin da masu haƙar kabari a Dandolo da sauran maƙabartu suka rasa hutu, malamai da attajirai da masu sarauta suna bin juna, bai kamata a sake yi masa dogon bayani ba.

Unguwannin masana'antun nan su kansu wa'azi ne ga mai zagaya su da ido buɗe. Bompai ce babbar yaya, tun kafin a samu 'yancin kai ake aiki a cikinta, daga baya aka yanka Sharaɗa kashi-kashi, aka buɗe Challawa a bakin kogi inda majemu suka taru. A Kano aka haɗa keken Raleigh, a zamanin da mai sabon keke yake abin kallo a unguwa. A Kano kamfanin NTM ya haɗa manyan motocin Fiat. A 1975 aka buɗe kamfanin Fijo a Kaduna, 504 ta zama motar babban ma'aikaci, sannan Marsandi ta zo ta ture ta a ƙofar gidajen alhazai. Kowacce a zamaninta an rantse ba ta mutuwa. Wasu ma ba su mutu ɗin ba, har gobe za ka ga tsohuwar 504 na dakon kaya a hanyar ƙauye, sai dai wanda ya fara cire ta a leda ya daɗe a ƙasa. Masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda sun ciyar da dubban gidaje, jiniyarsu ce agogon unguwa. Tsarin tattalin arziki na SAP na 1986, da rashin wuta, da atamfar waje da ta cika Kantin Kwari suka bi masaƙun Kano ɗaya bayan ɗaya. Yau gine-gine da yawa a wuraren nan sun koma rumbun ajiye kayan da aka ƙera a wata ƙasa.

Manyan da suka gina arzikin garin ma sun tafi. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955. Khalifa Isyaka Rabi'u ya rasu a Landan a watan Mayun 2018. Alhaji Aminu Ɗantata ya rasu a Abu Dhabi a Yunin 2025 yana da shekara 94, aka kai shi Madina aka binne. Allah ya jiƙansu da rahama. Babu motar da ta fi ƙarfin aljihunsu, amma in ana hirarsu a yau, masallaci da makaranta da asibiti da mutanen da suka ɗaga ake ambata. Ban taɓa jin wanda ya tsaya lissafa abin da ke garejinsu ba.

Akwai wata jif da na gani a harabar wani kamfani da aka rufe a Bompai. An lulluɓe ta da tamfol, rana ta cinye shi har ya yayyage. Iskar ƙafafunta ta tsiyaye, ta durƙusa cikinta na kusa da taɓa ƙasa, ciyawa ta fito ta zagaye tayoyin. Mai gadi, wani dattijo, ya shanya rigarsa a kan madubinta. Na tambaye shi, ya ce, "Ɗana, tun rasuwar mai gida ba a tashe ta ba. Magana na kotu." Ɓeraye sun riga sun shiga wayoyin, batir ya mutu tun kafin matan su fita takaba, man da ke tankin ya lalace. Shi kansa dattijon yana bin albashin watanni, bai san wanda zai tambaya ba.

Wannan shi ne kuɗin riƙon mota da dillali ba ya faɗa. Mota ba ta rabuwa. Shari'a ta tsara a fara da hidimar jana'iza, a biya bashi, a fitar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan magada su raba saura, mata su yi tarayya a tumuni in akwai 'ya'ya. Mata uku da 'ya'ya goma sha a kan jif ɗaya, dole a yi mata kuɗi. Babban ɗa na ganin shi ya dace ya hau, 'yan ɗaya ɗakin na ganin an karya farashi don a cuce su, takardun kwastan ba a san inda suke ba, wataƙila ma da sunan kamfani aka saye ta, kamfanin kuma banki na bin sa. Fili ko gida in an yi shekara biyar ana shari'a, daraja yake ƙarawa. Mota kullum raguwa take, har ranar da za a kira 'yan gwangwan su yi mata tayin wulaƙanci. Zumuncin da ya tsinke a kanta kuwa ba a sayar da kayan gyaransa a Ƙofar Ruwa.

Kada a ce na haramta abin da Allah ya halatta. Abin hawa mai kyau ni'ima ne, kuma mai yawan bin hanyar Kaduna da Abuja yana da hujjar neman mota mai ƙwari. Malamai ma sun ce motar hawa ba a fitar mata da zakka. Amma mu dubi girman abin. A ƙarshen 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan jif-jif ɗin 'yan majalisar tarayya da aka ce kowacce ta kai naira miliyan 160. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Leburan da ke karɓar wannan, in bai ci ba bai sha ba, sai ya yi shekara 190 kafin ya tara kuɗin mota ɗaya. To mutumin da ke biyan nozul da dala ba tare da ya yi ciniki ba, amma in wata ya ƙare ya ce wa ma'aikata su ƙara haƙuri kasuwa ba daɗi, me zai ce ran da aka tambaye shi? Direban da ke kwana a mota a Abuja mai gida na otal, bakaniken da aka ce wa "zan aiko yaro da cikon" shekara ta zagayo, manomin rani da ke ban ruwa da abin da majemu ke zubarwa a kogin Challawa ko rafin Getsi, duk masu haƙƙi ne. Magada ba su san da su ba, don ba a rubuce suke ba, su kuma kunya da tsoro ba za su bar su su zo gidan makoki da maganar kuɗi ba.

Saboda haka Alhaji, ran da direba ya zo ya ce lokacin juye ya yi, ka ba shi kuɗin, gyaran mota ba laifi ba ne. Amma kafin ya dawo daga gareji, ka kira akawunka ka tambaye shi wa da wa ke bin ka, tun daga mai gadi. Wanda za ka iya biya ka biya a ranar. Wanda ba za ka iya ba ka rubuta, ka sa shaidu biyu. Ka raba abin da yake naka da na kamfani, ka nuna wa iyalinka inda takardun suke, ka zauna da malamin da ya san gado tun kana iya magana da bakinka. Allah ya sa mu cika da imani, ya raba mu da haƙƙin mutane.