Gumin Ɗan Dako da Gumin Ɗan Wasa

A shekarar 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta ƙasar Binin, jigilar mutane da kaya ta koma bisa kwalekwale. Masu tuƙi da ƴan dako suka riƙa yini a bakin kogin Isa, buhu a ka, gumi har ƙafa. In da yawan motsa jiki kaɗai ke ƙara kwana, da babu wanda zai kai su tsawon rai. Amma ko kowane gumi ne jiki ke amfana da shi?

Masana a birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak sun bi rayuwar mutum fiye da 8,000 har tsawon shekara 25. A sakamakon da suka fitar a 2018, masu wasan tanis sun ɗara marasa motsi da kusan shekara 10, masu ƙwallon ƙafa da kusan 5, masu sassarfa da 3. Wasannin da ake yi da abokin karawa su ne a gaba, har masanan suka yi hasashen cewa zumunci na da hannu a ciki. Sai dai alaƙa suka gano, ba tabbataccen dalili ba; mai halin buga tanis, ai da ma ba ya kwana da yunwa.

Wani binciken na 2021 a ƙasar, kan mutum fiye da 100,000, ya fi tayar da hankali: motsin da aka zaɓa a lokacin hutu yana tafiya da raguwar mace-mace, na aikin ƙarfi kuwa da ƙaruwarsu. Ɗan kokowa kamar Isaka Isaka na jihar Doso yakan yi atisaye, ya huta, ya ci abinci, jiki ya murmure. Ɗan dako kuwa nauyi ɗaya yake ɗauka tun asuba, zuciya tana bugawa ba sassauci, gobe kuma haka.

Nan ne maganar ta fita daga hannun likita ta shiga ta adalci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Ga malamin makaranta da ke zaune, wannan gargaɗi ne a kan gaɓa. Ga mai tuƙa kwalekwale kuwa, abin da ya rasa shi ne hutu, kuma hutu sai wanda ladan aikinsa ya kai shi gobe.