Ƙaddara da Haƙƙin Ma'aikacin da Ya Ji Rauni a N'Djamena

Tambayar wanda ya kamata ya ɗauki nauyin ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki ta shafi fiƙihu kamar yadda ta shafi dokar ƙwadago, kuma a N'Djamena, inda mazhabar Malikiyya ke da rinjaye tsakanin Musulmi, amsar da aka fi ji daga bakin iyayen gida ita ce abin ƙaddara ne. Idan magini ya faɗo daga bene, ko inji ya raba kafinta da yatsunsa, akan yi masa jaje a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ubangida ya biya kuɗin ɗinki da allura na ranar farko, daga nan kuma ciyar da iyalinsa ya koma wuyan dangi.

Imani da ƙaddara wajibi ne, amma huruminsa zuciyar wanda musiba ta sama ce, domin ya yi haƙuri kada ya yanke ƙauna, kuma ba a taɓa ɗaukarsa hujjar da ke sauke haƙƙi daga kan wani ba. Shari'a da kanta ta wajabta diyya a kisan kuskure, wanda babu abin da ya fi shi kama da tsautsayi tsantsa, ta ƙayyade raƙuma 100 ga rai, rabin haka ga hannu ɗaya, raƙuma 10 ga kowane yatsa, kamar yadda duk ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya sani. Da ƙaddara tana kawar da biya, da wannan babi gaba ɗaya ba shi da wurin zama a littattafan fiƙihu.

Wuyar mas'alar tana wani wuri daban. Malaman farko sun gina lamuni, wato wajabcin biyan ɓarna, a kan aikata ta kai tsaye ko zama sanadinta ta hanyar sakaci ko ƙetare iyaka, kuma sun fahimci hadisin da ke cikin Muwaɗɗa game da rijiya da ramin ma'adinai da cewa wanda aka ɗauka haƙa, ƙasa ta rufta masa, babu diyyarsa a kan wanda ya ɗauke shi. Bisa wannan, ubangidan da ya ba lebura ruɓaɓɓen tsani yana sane zai biya, amma idan babu laifin kowa to raunin ya faɗi a kan mai shi kaɗai. Haka abin yake a Turai ma, har sai da Jamus ta kafa inshorar haɗarin aiki a 1884, Faransa kuma ta yi dokar 9 ga Afrilu 1898 wadda ta ɗora biya a kan mai masana'anta ko da ba a tabbatar da laifinsa ba, bisa hujjar cewa haɗarin daga sana'ar yake fitowa, don haka wanda ke cin ribarta shi ya cancanci ɗaukar kuɗinsa.

Wannan tsari Chadi ta gada, ta shigar da shi dokarta ta ƙwadago da tanadin jama'a ta 1966, kuma hukumar CNPS, wato asusun tanadin jama'a na ƙasa mai hedikwata a N'Djamena, ita ke gudanar da shi. Ubangida ne kaɗai ke zuba kason haɗarin aiki, kashi 4 cikin 100 na albashi, ba a yankar ma'aikaci ko sisi a wannan reshe, kuma a kansa yake ya kai rahoton haɗari cikin awa 48. Asusun yana biyan magani, da kuɗin yini na kwanakin jinya, da fansho ga wanda ya nakasa, da kuma rabon matar mamaci da marayunsa.

Wasu na ƙyamar wannan da cewa inshora ce, inshora kuwa akwai garari a cikinta, wato jahiltar abin da za a bayar da abin da za a karɓa. Sai dai fiƙihu yana da tushen da ya fi kusa da asusun, shi ne aƙila, jama'ar da ke haɗa kuɗi su biya diyyar kuskuren ɗayansu cikin shekara uku alhali ba su aikata komai ba. Asalinta dangin uba ne, amma bayan da Sayyidina Umar ya kafa diwani, wato rajistar masu karɓar albashi daga baitulmali, sai nauyin ya koma kan abokan rajista, kuma Muktasar na Halil ya gabatar da mutanen diwani a kan dangi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda ta haramta inshorar kasuwanci ta halatta ta taimakekeniya a 1985, ta yarda a 2005 cewa ƙungiyoyin sana'a da asusun taimakon juna suna iya tsayawa a matsayin aƙila. Hadisin rijiya ya kore laifi daga mutum ɗaya, bai hana jama'a ko hukuma su tanadi abin da zai rufa asirin wanda ya nakasa ba.

Abin takaici shi ne yawancin masu aikin ƙarfi a birnin ba su cikin kowace rajista: masu dako a kasuwar Dembe, da masu buga tubali a gaɓar kogin Shari, da 'yan kilando masu tuƙa babur ɗin wani su kawo masa balas kullum, da yaran shago da na gareji. Waɗannan sun rasa aƙilar dangi, domin da yawansu sun baro ƙauye, ba su kuma samu ta hukuma ba. Ubangidan da yake da ikon yi wa ma'aikatansa rajista ya ƙi, don ya tsira da kashi 4 ɗin, ya yi sakaci irin wanda malaman farko ma suke ɗora wa lamuni, kuma ya dace limaman Juma'a na N'Djamena su faɗi haka a kan mumbari kamar yadda suke faɗin hukuncin tauye mudu.