Goge Cikin Bindiga da Hakkin Dabbar Farauta

Bindigar toka da maharban Dogon Daji da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe ke riƙewa tana cin albarushi, albarushi kuwa yana barin baƙin dauɗa a cikin bututu. Dauɗar nan tana jawo laima, musamman da damina, sai tsatsa ta ci ƙarfen. Ruwan zafi ne ke wanke ta, a tsane da busasshen tsumma, sannan a shafa mai mara kauri irin na keken ɗinki, domin man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo. Wajen goge cikin bututu, sandar itace ko ta tagulla ta fi ta baƙin ƙarfe, wadda ke karce bakin bututu har saiti ya ɓaci.

A nan maganar ta shiga addini. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya umurci mai yanka ya wasa wuƙarsa don ya hutar da dabba. Maharbi ba ya fita daga wannan umurni, tunda bindiga mai tsatsa kan raunata dabba ta tsere ta mutu a wahalce. Risalar Ibn Abi Zaid ta halatta farautar bukata, ta karhanta ta wasa, kuma malaman Malikiyya da suka zo daga baya sun halatta naman da harsashi ya kashe idan an yi bisimilla lokacin harbi.