Mai Wankin Taga da Abin da Idonsa Ya Gani



Tun ranar 1 ga Yuni, 2022, da gwamnatin Legas ta hana acaɓa kwata-kwata a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, sannan a watan Satumba ta ƙara da Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe, matasanmu suka bazu neman abin yi. Wasu sun koma gida, wasu sun kama dako a Mile 12, wasu sun shiga jari-bola. Daga cikinsu, da kuma cikin sababbin zuwa, akwai waɗanda suka ɗauki bokiti da tsani suka fara wanke gilashin tagogin gidaje da shaguna da ofisoshi.

Sana'a ce da ta dace da baƙo. Jarinta ko kusa da kuɗin babur bai kai ba: bokiti, sabulun ruwa, soso, tsummoki masu tsabta, da sandar nan mai bakin roba da ake share ruwa da ita. Tsani ma haya ake iya ɗauka kafin a sayi na kai. Kuma garin nan ba ya barin gilashi ya huta. Iskar teku tana shafa masa gishiri a Lekki da Ikoyi, hayaƙin janareta yana manne masa ko'ina, damina ta fantsama masa laka, hunturu kuma ya kawo ƙurarmu ta arewa ya ɗora a kai. Wanda ya gane cewa ba a wanke gilashi rana na dukansa, don sabulun zai bushe ya bar zane, kuma ya san cewa ɗan khal a cikin ruwa yana cire farin tabon da ruwan rijiyar burtsatse ke bari, to ya kama hanya. Idan ya samu sabon gini da magina suka bar siminti da fenti a kan gilasai, aikin kwana uku ne ko huɗu.

Maganar ko sana'ar ta dace da ɗan mutunci ba za mu ɓata takarda a kanta ba. Wanda ya ci guminsa ya wuce gori. Abin da kawai za mu ce, a bambanta ta da ta yaran da ke watsa wa gilashin mota ruwan kumfa a cunkoson titi ba tare da an sa su ba, sannan su miƙa hannu. Wancan bara ce ta sa rigar sana'a, tunda ciniki sai da yardar mutum biyu.

Tambayar da ke gabanmu wata ce daban: mutumin da ke kan tsani, mene ne haƙƙin masu gida a kan idonsa da bakinsa?

Mu tuna inda muka fito. A garuruwanmu baƙo namiji iyakarsa zaure. Magabata da suka yi ginin ƙasa sun sa tagar ɗaki ƙarama, can sama, don iska ta shiga ido kuma ya tsaya a waje. Ko zauren ma ba a yin ƙofarsa ta ciki daidai saitin ta waje, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Yaron da ya tashi a wannan tarbiyya, wanda ko gidan maƙwabcinsu bai ƙara shiga ba tun da ya balaga, yau shi ne tsaye a hawa na uku, tsakaninsa da ɗakin kwanan wani gilashi ne kawai. Mai wankin takalmi a ƙofar gida yake tsayawa. Mai ruwa iyakarsa bakin tanki. Ko maigadi da ke kwana a gidan, ɗakinsa na bakin get. Mai wankin taga kuwa, aikinsa ne ya kai fuskarsa inda katanga da get da waya mai ƙaya duk aka yi su don kada fuska ta kai. Abin mamaki kuma, iya kyan aikinsa, iya yadda cikin ɗakin zai ƙara bayyana gare shi.

Malamanmu sukan karantar da mu ayoyin neman izini da na runtse ido da ke cikin Suratun Nur, kuma sun bayyana mana cewa babban dalilin yin sallama a bakin ƙofa shi ne ido. Wani zai ce, to ai shi an ba shi izini, kiransa aka yi, biyansa za a yi. Gaskiya ne. Amma izinin me aka ba shi? Na gilashi. Wanda ya ba tela yadi bai ba shi abin da ya manta a cikin ledar ba. Kuma duk wanda ya taɓa aikin ya san ido kallo biyu yake iya yi a taga: ko ya tsaya a kan gilashin yana neman tabo, ko ya ratsa ya wuce ciki. Ba ya iya yin biyun a lokaci guda. Wanda ke leƙen ɗaki za ka ga ya bar zane a gilashi, don hankalinsa ba a nan yake ba.

Shi ya sa masu hankali a cikinsu suke gaya wa masu gida tun jiya cewa gobe da safe za su fara ta ɓangare kaza, a saki labule. Idan sun jingina tsani sukan ƙwanƙwasa, ko su ɗaga murya su ce ga mai aiki zai hau. Wannan ita ce sallamar mai tsani. Ba ta cin ko minti ɗaya, kuma matar gida da ta ga haka ita ce za ta gaya wa maƙwabciyarta ta samu mai aiki mai ladabi.

Duk da haka, komai kiyayewar mutum sai ya ga wani abu. Zai ga inda ake ajiye makullin mota, ya ga akwatin ƙarfe a bayan ƙofa, ya ga ɗakin da ba kowa saboda masu shi sun yi tafiya, ya gane tagar da sakatarta ta lalace. A nan ne maganar ta koma kan baki, kuma a nan muka fi jin tsoro. Da dare an zauna teburin mai shayi, kowa na kawo labarin yininsa. Yaro baƙo, yana son shi ma a saurare shi, sai ya fara: wallahi yau na shiga wani gida, kai, ka ga agogunan da ke kan tebur kuwa? Shi hira yake yi, ko allura bai ɗauka ba. Amma bai san kowa da ke kan bencin ba, kuma bai san inda maganar za ta kwana ba. Ɓarawo ba ƙarfi ya rasa ba, labari yake nema: wace taga, wane lokaci, mutum nawa ne a gidan. Yanzu ga waya ta ƙara dagula abin, mutum ya ɗauki bidiyon kansa a kan tsani don 'yan garinsu su ga ya shigo Legas da ƙafar dama, falon mutane na bayansa a fili, ya sa a TikTok.

Mu ɗauka ma ba ɓarawon da ya ji. Shin ba a ci amana ba? An ci. Abin da ke cikin ɗakin mutum nasa ne, har da labarinsa. Idan an tambayi waninmu ko ya yarda mai gyaran wuta ya fita ya ba da labarin irin katifar da iyalinsa ke kwana a kai, mun san amsar da zai bayar.

Sannan amanar ba ta yaron kaɗai ba ce. Yawancinsu ta hannun maigadi suke samun aikin farko. Dattijo ya shekara goma a gida, ya ce wa mai gida, ranka ya daɗe, akwai yaron garinmu, na san ubansa. Wannan kalma ita ce jarin gaske, ta fi tsani tsada. Haka kakanninmu suka yi fataucin goro da shanu a Agege da Sabon Ibadan: baƙo ya sauka wurin maigida, maigida ya tsaya masa, a ba shi kaya bashi a kan sunan wani. Ranar da abu ya ɓace a gidan, maigadin za a fara kamawa. Bayan shi kuma duk wanda ake kira aboki a layin. Ba mu manta da abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021 ba, yadda rigimar mutane ƙalilan ta cinye shaguna da rayukan waɗanda ko wurin ba su je ba.

Akwai wata magana da matasan ke yi, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa, su masu gidan ma ba su ɗauke mu mutane ba. Ka yi sallama, ka ƙwanƙwasa, ba wanda zai saki labule. A gabanka za a yi shigar da ba a yi a gaban baƙo, a gabanka za a yi faɗa, kamar kai da tsanin duk ƙarfe ne. Wanda bai kare sirrinsa ba, don me ni zan kare masa? Wannan da ciwo, ba mu musa ba. Amma a duba abin da maganar ke nufi: wato kamun kanmu ya dogara ga halin wanda muke wa aiki, in ya girmama mu mu runtse ido, in ya raina mu mu buɗe. Mai awo na ƙwarai ba ya tauye mudu don mai saye ya yi masa tsawa. Kuma ba ruwan amana da ko mai gidan Musulmi ne ko Kirista, Bayarabe ne ko Ibo ko Bature. Idan wulaƙancin gida ya yi yawa, ƙofa a buɗe take, ya karɓi haƙƙinsa ya bar musu aikinsu. Labarinsu dai ya bar musu shi a can.

To, ga inda abin ya yi wuya. Idan abin da ya gani zalunci ne fa? Ya hau ya tarar da yarinya 'yar aiki, wadda ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, an kulle ta a ɗaki, bayanta duk shatar bulala. Ya dawo bayan wata guda ya sake ganin haka. Ko ya ga babban mutum a ɗaure a gidan da aka ce ba kowa. Shin amanar da muke ta magana a kanta ta ce ya yi shiru?

A ganinmu ba ta ce ba. Sirrin da ake rufa wa mutum shi ne wanda ya tsaya a kansa: kwalbar da ya ɓoye, cacar bakinsa da matarsa, talaucin da ke bayan gida mai kyau. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma ba a ɗauki mai wankin taga aikin hisba ba. Amma yarinyar nan ba kayan ɗakin mai gida ba ce da za a ce labarinta mallakarsa ne. Ita ma tana da haƙƙi a kan wanda ya gan ta, kuma mai yiwuwa a duk Legas shi kaɗai ne ɗan waje da ya gani. Dokar ƙasa ma ta san da ita: akwai dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, Jihar Legas kuma ta yi tata a 2007.

Sai dai a yi hattara ta fuska biyu. Ta gilashi hoto ake gani ba murya. Wanda ya ga mace ta danne yaro yana ihu, wataƙila magani take ba shi. Gani ɗaya na daƙiƙa biyar bai isa a ɗora wa mutum laifi ba, kuma zato ya sha rushe gidaje. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya game da matsayin mai ba da labarin: baƙo ne, Turancinsa kaɗan, ba shi da kowa a ofishin 'yan sanda, wanda zai kai ƙara kuma mai kuɗi ne. Abu ne mai sauƙi a juya maganar a ce shi ne ya zo leƙen asiri, ya kwana a bayan kanta. Duk wanda ya ce wa irin wannan yaro ya je shi kaɗai ya faɗi gaskiya, bai san garin nan ba.

Idan rai ne ke cikin haɗari a take, kamar gobara ko wanda aka ɗaure, lambobin gaggawa na Legas 112 da 767 ne, kuma ba a jiran shawara. Idan kuwa abu ne irin na yarinyar nan, kada ya kai shi teburin mai shayi, kada kuma ya haɗiye. Ya zo wurin liman ko wani dattijo a kwamitin masallaci, mutum ɗaya ko biyu masu riƙe magana, a tambaye shi dalla-dalla me ya gani, sau nawa, a wace rana. In maganar ta tsaya da ƙafarta, manya su ɗauke ta, ta hannun Sarkin Hausawa ko lauya ko hukumar da ke kula da yara, yadda sunan yaron ba zai zama shi ne a gaba ba.

Ko an bi duk wannan, da wuya ya tsira da aikin gidan, wataƙila ma na layin gaba ɗaya, kuma maigadin da ya kawo shi zai iya rasa nasa. Mu da muke da shaguna da rumfuna, mu ne muke gaya wa yaran nan su ji tsoron Allah su faɗi gaskiya. Ya kamata kwamiti ya zauna tun abin bai faru ba, a san wa zai ba irin wannan yaro wankin gilashin shagonsa, wa kuma zai nema wa dattijon wani gadin, na wata biyu ko ukun da za su yi ba aiki.