Gidan Haya da Nauyin da Ke Wuyan Mai Shi

Da yawa daga cikin waɗanda Allah Ya hore wa ɗan abin hannu, idan suka dubi yadda darajar naira ke zubewa, sai hankalinsu ya karkata ga gina gida mai ciki da falo huɗu ko shida a unguwa irin ta Kurna ko Rijiyar Lemo a Kano, su zuba 'yan haya, su riƙa karɓar kuɗi shekara shekara. Babu aibi a cikin wannan niyya, domin fuƙaha'u sun halatta haya matuƙar an san gidan, an san muddar zama, an kuma yanka kuɗin tun wurin ƙulla yarjejeniya.

Abin da mai farawa ya fi tambaya shi ne inda jari zai fito. Bashin banki mai kuɗin ruwa riba ne, kuma tsarkin ginin ba ya wanke tushensa. Wanda jarinsa bai kai ba yana iya haɗa hannu da ɗan'uwa bisa sharuɗɗan musharaka, ko ya nufi bankunan da ba sa karɓar ruwa, irin Ja'iz da ya fara aiki a 2012. Ya kuma binciki takardar mallaka tun kafin ya biya, domin tun dokar ƙasa ta 1978 filayen birni suna ƙarƙashin ikon gwamna. Zakka kuwa ba ta hau kan ginin, sai kan kuɗin hayar da suka kai nisabi, shekara ta zagayo suna hannu.

Amma mas'alar da ta fi damuna, wato ta gyaran gida, ba a cika kawo ta gaban malamai ba. A cikin Mukhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, ba a tilasta mai gida ya gyara abin da ya lalace. Ɗan haya ne ake ba zaɓi, idan ɓarnar ta cutar da shi, ko ya zauna ko ya tashi. Hukuncin adalci ne a tsakanin mutum biyu masu ƙarfi ɗaya. To, amma magidancin da ya biya kuɗin shekara gaba ɗaya, ya ƙara da la'adar dillali, ya sa 'ya'yansa a makarantar unguwa, sa'an nan rufi ya fara yoyo a tsakiyar damina, ina zai tashi ya nufa? Zaɓin da shari'a ta ba shi yana nan a littafi, talauci kuwa ya ƙwace shi daga hannunsa, kuma a ganina mai gidan da ya fake da zahirin hukunci a irin wannan hali, ko da ya kuɓuta a gaban alƙali, bai kuɓuta daga zalunci ba.

Ga kuma abin da ya keɓanta da gidan da iyalai da yawa ke ciki. Mutanen da ba su zaɓi juna ba, mai gida ne ya mai da su maƙwabta, ya haɗa su a kan rijiya ɗaya, da bayi ɗaya, da mitar wuta ɗaya, alhali kuwa haƙƙin maƙwabci yana daga cikin abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsananta wasiyya a kansa. Masu masaukin da, a zangunan Kumasi da unguwar Sabo ta Ibadan, sun san cewa wanda ya sauki fatake shi ne mai sasanta rigimarsu, shi ne kuma mai tsaya musu. Saboda haka wanda zai fara wannan sana'a, kafin ya lissafa abin da ɗaki shida za su kawo masa, ya kamata ya ware kuɗin kwashe masai da gyaran kwata, ya raba mita idan da hali, ya tsara ginin yadda matan wani ba za su tonu ga idon wani ba, ya kuma ƙudurta tun yanzu irin jinkirin da zai yi wa wanda albashinsa ya makara, tun da Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yi umarni da a saurara wa wanda ake bi bashi idan yana cikin ƙunci.