Girman Kai da Ke Zaune a Gira

Ya kai mai karatu, akwai wata kalma a bakin Turawan Ingila, ita ce supercilious. Da ita suke kiran mutumin da ke duban jama'a kamar ba su isa ya yi magana da su ba. Ba tasu ba ce tun asali. Daga Latin suka aro ta, harshen Romawan dā, yau shekara wajen 500 ke nan. Romawa suna ce da gira supercilium: super, wato bisa, cilium kuwa fatar ido. Da suka lura mai raina mutane yakan ɗaga gira ya dube su sheƙeƙe, sai suka kira girman kai da sunan gira. Mu kuwa mukan ce wane yana hura hanci. Su a gira suka kama shi, mu a hanci.

To, ga tambaya. Mutumin da bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba, gira kaɗai ya motsa, ya yi laifi? Da yawa za su ce a'a, gama ba mai kai ƙarar kallo gaban alƙali. Ni na ce ya yi. Zagi yana da shaidu, ana iya neman gafara a kansa. Amma wanda aka yi wa kallon raini ba shi da abin riƙewa. In ya yi kuka, sai a ce, me aka ce maka? Haka zai tafi da ciwonsa. A Littafin Misalai, sura 6, inda aka lissafta abubuwa 7 da Ubangiji yake ƙi, idon mai girman kai aka fara ambata, kafin ƙarya, kafin zub da jini.

Kai da ka soma karanta Littafi, wannan tarko yana kusa da ƙafarka, gama ni ya kama ni. Sa'ad da na komo gida daga makaranta, ubana ya miƙo mini wasiƙa in karanta masa, yana riƙe da ita a juye. Ban ce uffan ba. Na juya ta a hankali, na ɗaga ido na dube shi. Shi ne ya sayar da akuyarsa ya saya mini allo da riga. Tun daga ran nan, in wasiƙa ta zo masa, gidan maƙwabci yake kai ta.