Ramin da Ake Ginawa Domin Ya Cika

Duk titin da aka yi wa magudana ta ƙarƙashin ƙasa, za ka ga ragar ƙarfe ko murfin kankare a gefensa, inda ruwan sama ke shigewa. Ƙarƙashin ragar akwai akwatin kankare, wani iya ƙugu, wani ya shanye tsayin mutum. Abin da ya raba shi da kwata zalla shi ne, bututun da ke fitar da ruwa ba a gindi ake dasa shi ba. Ana ɗaga shi, a bar fili a ƙasa, sau da yawa rabin mita ko fiye. In ruwa ya faɗo, gudunsa ya karye, sai rairayi da tsakuwa su kwanta yadda gasara ke kwantawa a gindin roba, ruwan ya yi gaba abinsa.

Ginin ba wani sirri ba ne. Leburori su haƙa, a daddale ƙasa, a zuba kankaren gindi. Sannan a ɗaure rodi, kafinta ya buga katako ciki da waje, a bar gurbin bututu. Kwaɓin da aka saba shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Ana zubawa ana zungura don kada iska ta maƙale ta bar ramuka a bango. Bayan nan sai ban ruwa, aƙalla kwana 7, domin kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. A zafin bazara, wanda ya yi ƙyuyar ban ruwa ya yi asarar simintinsa, ko bai gani ba a ranar. Akwai kuma akwatin da ake zubawa a wani fili daban, a kawo shi a mota a sauke da ƙugiya. Ya fi sauri, ba ya tare hanya kwana da kwanaki, amma kuɗin dako da na injin ɗagawa na nan suna jira.

Kuɗi kuwa zurfi ne ke cin su. Kowane taku da aka ƙara, ƙarin haƙa ne, ƙarin rodi, ƙarin katako, ƙarin buhu. A farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama na Najeriya. To, ɗan kwangilar da ke neman inda zai rage, ina zai duba? Ba zai taɓa murfi ba, kowa na ganinsa. Filin nan na ƙasa zai yanke, wanda ba mai leƙawa. Ranar buɗe aiki ba bambanci. Sai marka ta sauka a watan Agusta, rairayi ya wuce kai tsaye cikin bututu, ya toshe a inda shebur ba ya kaiwa, sannan a dawo ana fasa kwalta.

Ko an gina shi da gaskiya, ramin bashi ne da ake biya duk shekara. Aikinsa ke nan ya cika, kuma da laka ta kai bakin bututu ya daina aiki. Ga ledar fiya wata, ga robar lemo, ga 'yan gwangwan da ke ɗauke ragar cikin dare, su bar baki buɗe ga shara da ƙafar mai wucewa. Ruwan da ya kwanta a ciki ma gidan sauro ne.

A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata ake tsaftar muhalli, kuma samarin unguwa kan fito su yashe kwatoci, Allah ya saka musu. Sai dai sau da yawa baƙar lakar a bakin titi ake jibge ta, ana jiran motar kwasa. Babura su tattake, rana ta busar, ruwan farko ya mayar da ita inda aka ciro ta. Kuɗin haƙa da na siminti suna cikin takardar kwangila. Kuɗin baro da tifar da za su kwashe lakar nan ne ba kasafai ake rubutawa ba.